Larry Robinson: babban koci ne, ko mataimaki ne da sa'a ta ɗaga sau ɗaya?

Baban Ihsan:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda kakar hokin ƙanƙara ta kankama, ga wata magana da nake so mu baje ta, musamman mu mazauna Kanada da Amurka da wasan nan ya zame mana dole. Larry Robinson. Sunansa yana jikin Kofin Stanley, babban kofin gasar hoki ta Kanada da Amurka, sau 10. Shida yana ɗan wasan baya na Montreal Canadiens: 1973, sannan huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979, sai 1986. Uku da New Jersey Devils, a 1995 da 2000 da 2003. Na ƙarshe da St. Louis Blues a 2019. Amma in ana lissafa manyan masu horarwa ba ka jin an ambace shi. Ni a ganina an tauye masa haƙƙi. Mutumin da aka miƙa wa ƙungiya saura wasa 8 a rufe kaka ya ɗaga kofi, shekara ta zagayo ya sake kai ta wasan ƙarshe, me kuma ake nema a wurin koci?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A matsayinsa na ɗan wasa ba mai ja da kai. Amma mu bi goman nan a hankali. Sau nawa a ciki yana babban koci? Sau ɗaya tak, 2000. A 1995 mataimakin Jacques Lemaire ne. A 2003 Pat Burns ne ke riƙe da ƙungiyar. A 2019 mai ba da shawara ne kawai, Craig Berube ne koci. Ko na 2000 ɗin ma, ranar da babban manaja Lou Lamoriello ya sallami Robbie Ftorek a watan Maris, Devils ce ke saman rukunin gabas. Ba matacciyar ƙungiya ya tarar ya tayar ba. Martin Brodeur a raga, Scott Stevens da Scott Niedermayer a baya. Wa za a ba waɗannan ya kasa?

Ɗan Fagge:
Ku yi haƙuri manya, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, hoki sai dai in ci karo da guntun bidiyo suna dambe. Shi ɗan baya a wasan nan mene ne aikinsa takamaimai? Na ga filin ɗan ƙarami ne, kowa yana ko'ina.

Maman Sultan:
Ƙanena, bari in yi maka a taƙaice, tunda yarona baya yake bugawa kuma ni ce direbansa. Mutum shida ne kowane ɓangare: gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Minti 60 ake yi, kashi uku na minti 20. Gudun ya yi yawa, ba mai iya daɗewa a kan ƙanƙara, don haka ana canji ne ana cikin wasa, mutum ya yi ƙasa da minti ɗaya ya fita wani ya shigo. Babban ɗan baya yakan tara minti 25 ko fiye a wasa ɗaya, ya fi kowa in ban da gola.

Wahalar aikin ita ce da baya-baya yake zamiya, fuskarsa na kallon wanda ya taho masa a guje. In ya ba shi tazara da yawa zai buga, in ya matso da wuri zai kewaye shi. Sai ya san inda zai ajiye sandarsa ta toshe hanya, ya san lokacin da zai sa jiki. In ya ƙwace faifan robar da suke bugawa, bugun farko da zai fitar da shi daga gida shi ne rabin aikin. Sannan in ƙungiyarsa ce ke kai hari, yana tsaye a shuɗin layin da ke bakin gidan abokan hamayya yana hana faifan fita, yana kuma bugo shi raga daga nesa.

Ɗan Fagge:
Na gode Yaya. Wato shi ne mai gadi, shi ne kuma mai raba abinci.

Na Maraɗi:
Ni da ke Montreal bari in sa baki. Har yau in ka shiga filin Bell Centre ka ɗaga kai za ka ga lamba 19 a rataye, an jingine ta saboda Robinson tun 19 ga Nuwamba 2007. Tsofaffin garin in suka fara labarin 'yan bayan nan uku, Robinson da Serge Savard da Guy Lapointe, sai ka nemi kujera. Ɗan ƙauye ne daga gabashin Ontario, a gona ya tashi, an haife shi a 1951. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1971 Montreal ta ɗauki Guy Lafleur a lamba ta 1, ta ɗauke shi a ta 20. Bai ma shigo kai tsaye ba, sai da ya yi zama a ƙaramar ƙungiyarsu ta Nova Scotia.

Abin da suka fi maimaitawa shi ne wasan ƙarshe na 1976, wanda jerin wasanni ne, wanda ya riga cin huɗu shi ke ɗaukar kofi. Philadelphia Flyers ta ci kofi a 1974 da 1975 da duka da tsoratarwa, kowa na shakkarsu. A wasa na biyu Robinson ya haɗa Gary Dornhoefer da katangar fili, sai da aka tsayar da wasa aka gyara katangar. Mutum ne mai ƙafa 6 da inci 4, ba mai neman faɗa ba, amma ba a kawo masa raini. Montreal ta share su wasa huɗu a jere.

Baban Ihsan:
Madalla, Na Maraɗi. Ga kuma lissafi ga masu son lissafi. Akwai ma'aunin da ake kira ƙari da ragi: in kana kan ƙanƙara ƙungiyarka ta ci, ana rubuta maka ɗaya, in aka ci ku a cire ɗaya, ban da cin da ɓangaren da ya fi yawa ya yi saboda an fitar da ɗan wasan abokan hamayya. A kakar 1976-77 Robinson ya tashi da ƙari 120. Bobby Orr kaɗai ya taɓa wuce haka, da 124. A duk rayuwarsa ta wasa ya haura ƙari 700, kuma har yau ba wanda ya kamo shi. Kaka 20 ya buga, 17 a Montreal, 3 a Los Angeles, ba kaka ɗaya da ƙungiyarsa ta kasa shiga zagayen neman kofi. Wasa 1,384, maki 958, wato cin da ya yi da wanda ya taimaka aka ci. Kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau biyu, 1977 da 1980. Kyautar Conn Smythe ta gwarzon zagayen kofi a 1978.

Injiniya Bala:
Alhaji, wannan ma'aunin ai na ƙungiya ne aka rataya wa mutum ɗaya. Montreal ta waccan kakar ta ci wasa 60, aka doke ta sau 8 kacal, ta zura 387 aka zura mata 171. Ken Dryden a raga, Scotty Bowman a benci. Ko ni aka saka mini takalmin na tsaya a gefe zan tashi da ƙari.

Baban Ihsan:
Injiniya, kai dai kada ka gwada, asibiti a nan layi ne. Amma ga amsarka. Dryden ya yi ritaya a 1979, Bowman ya tafi a shekarar, Lemaire ma ya tafi. Norris ta biyu a 1980 Robinson ya ci ta, bayan duk sun watse. Savard ya bar ƙungiyar, Lapointe ya bari, Lafleur ya ajiye a 1984. Shi ya rage, yana da shekara 34 ya tara maki 82 a kakar 1985-86, suka ɗauki kofi da yaro sabon gola, Patrick Roy. To inuwar wa ya fake a wannan karon?

Injiniya Bala:
Na ce ba na ja a kan wasansa. Mu koma kan horarwa.

Na Maraɗi:
Kafin ku koma, kun san a 1987 ya karya ƙafa, kuma ba a kan ƙanƙara ba? A wasan folo ne, kan doki, lokacin hutu. Ya rasa farkon kakar.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. Mutum ya tsira daga masu haɗa shi da katanga shekara da shekaru, doki ya zo ya gama da shi. A gaya wa mutanen Katsina suna da ɗan'uwa a Kanada.

Injiniya Bala:
To ga inda nake so mu tsaya. In kana so ka san koci, duba shi inda ba a tara masa taurari ba. An ba shi Los Angeles Kings daga 1995 zuwa 1999. Kaka huɗu cur. Sau ɗaya ya kai su zagayen kofi, a 1998, kuma St. Louis ta share su wasa huɗu a jere ba su ci ko ɗaya ba. Wannan ita ce jarrabawarsa ta gaskiya, kuma mun ga sakamakon.

Baban Ihsan:
Ka faɗi rabi ka bar rabi. Wace Kings aka ba shi? Tsohon mai ƙungiyar, Bruce McNall, ya faɗa shari'ar zamba har ya ƙare a gidan yari, ƙungiyar ta shiga fatara a 1995 aka sayar da ita. Kafin kakarsa ta farko ta ƙare an tura babban tauraronsu Wayne Gretzky St. Louis, a Fabrairun 1996. Ginin da ake rushewa aka sa shi a ciki. Duk da haka, wa ya ci Norris a 1998? Rob Blake, ɗan bayan Kings, a hannun Robinson. Ita ce kaɗai Norris ɗin da Blake ya taɓa ci.

Maman Sultan:
Alhaji, da girmamawa, wannan hujjar taka ta fi taimakon Injiniya. Ka ce ƙungiya ba ta je ko'ina ba, amma ɗan baya ɗaya ya zama gwarzo. Ai wannan shaida ce cewa malamin 'yan baya ne na gaske. Ba shaida ba ce cewa babban koci ne.

Ni abin da nake gani ko a wasan yara, aiki biyu ne daban. Akwai wanda zai tsaya da yaro bayan kowa ya fita, ya nuna masa yadda zai juya ƙugu in an zo ta hagunsa, ya gyara masa riƙon sanda, ya gaya masa kada ya kalli faifan, ya kalli ƙirjin mai zuwa. Wannan yara suna sonsa, suna gaya masa damuwarsu. Akwai kuma wanda zai ce yau ba za ka buga ba, ya juya ya tafi, ya je ya fuskanci 'yan jarida da masu ƙungiya, ya kwana lafiya. Ba kowa ke iya na biyun ba, kuma sau da yawa wanda ya ƙware a na farko zuciyarsa ba ta ɗaukar na biyu.

Baban Ihsan:
Hajiya, na ji, amma 2000 fa? Mai taushin zuciya ne ya yi abin da ya yi a Philadelphia? A wasan ƙarshe na rukunin gabas Flyers na gaba 3 da 1, saura wasa ɗaya a kore su. Bayan wasa na huɗu ya shiga ɗakin canza kaya ya rufe su da faɗan da ba su taɓa ji daga bakinsa ba, har da shurin kwandon shara. 'Yan wasan da kansu sun sha ba da labarin. Suka ci uku a jere, na bakwai a gidan Flyers, ranar da Stevens ya kwantar da tauraronsu Eric Lindros. Kafin nan, a wasa na shida da Toronto, bugu 6 kacal Toronto ta samu ta kai raga cikin minti 60. Bugu shida! Wannan tsari ne, ba sa'a ba. Sannan suka doke Dallas Stars mai riƙe da kofi a wasa shida, Jason Arnott ya ci a ƙarin lokaci na biyu.

Injiniya Bala:
Tsarin toshe tsakiyar fili na Lemaire ne, da shi suka share Detroit a 1995. Gado ya ci. Faɗan kuwa ya yi tasiri ne don ba a saba jin sa ba. Irin wannan harsashi sau ɗaya ake harba shi. Mataimakin da kowa ke so ya hau kujera, ya ɗaga murya sau ɗaya, kowa ya firgita. In ya maimaita a wata na uku ba mai motsi.

Baban Ihsan:
In gado ne kawai, yi mini bayanin kakar 2000-01. Ita ce cikakkiyar kakarsa, tun daga atisayen farko. Devils ta tara maki 111, ta zo ta ɗaya a gabas, kuma ta fi kowace ƙungiya a gasar zura ƙwallaye, 295. Ƙungiyar da ake zagi da cewa tana kashe wasa! Patrik Elias ya tara maki 96, Alexander Mogilny ya ci 43. Wannan ba Lemaire ba ne, shi ne ya sakar musu mara. Suka sake zuwa wasan ƙarshe, suna gaban Colorado 3 da 2.

Injiniya Bala:
Suka kuma zubar. Wasa na shida a gidansu aka yi, kofi yana cikin ginin, aka ci su 4 da nema. Ray Bourque na Colorado ya tafi da kofinsa a na bakwai. Watan Janairun 2002 aka sallami Robinson.

Na Maraɗi:
Abin da ya biyo bayan sallamar ne ya fi ba ni mamaki. Kevin Constantine ya gaje shi, bayan 'yan makonni sai ga Robinson ya dawo benci ɗaya a matsayin mataimakin wanda ya gaje shi. Ku nuna mini babban koci guda da ya ci kofi shekara biyu baya da zai yarda da haka. Bowman zai yi? Ko kusa. Ni a wurina wannan ya nuna inda ransa yake. Kujerar ba ta dame shi ba, aikin da 'yan wasa ne ya dame shi.

Ɗan Fagge:
Ni duk labarin nan Stephen Keshi yake tuna mini. Ɗan baya, kyaftin, ya ci kofin Afirka a 1994 yana wasa, ya ci a 2013 yana koci. Ba shi ke nan ba?

Injiniya Bala:
Ƙanena, sun haɗu a farko sun rabu a ƙarshe. Keshi shugabanci yake so, kuma ya iya rigimarsa, ya kai Togo gasar duniya, ya riƙe Mali. Shi kuwa Robinson da aka sake ba shi Devils a 2005, kafin rabin kaka ya ajiye da kansa, a watan Disamba, ya ce damuwa da ciwon kai sun hana shi sakat. Lamoriello ya sauko daga ofis ya zauna a benci, ƙungiyar ta ci wasa 11 na ƙarshe a jere ta ɗauki rukuninta. 'Yan wasa ɗaya, kaka ɗaya.

Baban Ihsan:
Ba 'yan wasa ɗaya ba ne. Elias yana jinyar ciwon hanta duk lokacin da Robinson ke riƙe da su, sai a Janairu ya dawo. Stevens ya yi ritaya kafin kakar, Niedermayer ya koma Anaheim. An cire masa ginshiƙai biyu na baya da babban mai cin ƙwallo, ga sababbin dokoki bayan kakar 2004-05 da aka soke gaba ɗaya. Kuma mutum ya ce lafiyata ta fi kujera, wannan abin zargi ne?

Maman Sultan:
Ba wanda ya zarge shi, Alhaji. Ni ma na ce ya kyauta. Amma ka duba abin da ya yi bayan nan, shi da kansa ya ba ka amsa. Bai sake riƙe ƙungiya a matsayin babban koci ba. Ya koma mataimaki a Devils, yana bencin Peter DeBoer da suka je wasan ƙarshe a 2012. Daga nan San Jose, inda Brent Burns, wanda aka yi ta kai shi gaba ana dawo da shi baya, ya zauna daram a baya har ya ci Norris a 2017. Daga nan St. Louis, ƙungiyar da ke can ƙasan teburi a farkon Janairun 2019 ta zo ta doke Boston a wasa bakwai, da su Alex Pietrangelo da Colton Parayko a baya. Ban ce shi kaɗai ya yi ba. Amma duk inda ya sauka 'yan baya suna gyaruwa, tun daga Niedermayer yana yaro a 1993.

Na Maraɗi:
Kuma ba shi ne farau ba. Doug Harvey, babban ɗan bayan Montreal kafin zamaninsa, ya haɗa wasa da horarwa a New York Rangers a 1961-62, ya ci Norris a kakar, ya kai su zagayen kofi, sannan ya sauke horarwar ya ci gaba da wasansa. Gretzky ya riƙe Phoenix kaka huɗu bai kai su zagayen kofi ko sau ɗaya ba. Shi kuwa Al Arbour, ɗan baya ne da ba a sa shi sahun taurari, amma ya ci kofi huɗu a jere da New York Islanders daga 1980 zuwa 1983. In aka jera Robinson da sauran manyan taurarin da suka gwada benci, yana sama sosai. In aka jera shi da su Arbour da Bowman, ba sahunsa ba ne.

Baban Ihsan:
To ai ban ce Bowman ba ne. Cewa na yi an tauye shi. Cikakkiyar kaka ɗaya ya samu da ƙungiya mai kyau, ya kai ta wasa na bakwai na ƙarshe. Lamoriello kuma kowa ya san shi da saurin sallama. A 2007 ya kori Claude Julien saura wasa 3 a rufe kaka, ƙungiyar na saman rukuninta, Julien ya je ya ci kofi da Boston a 2011. Sallama daga hannun wannan mutumin ba hukunci ba ce.

Injiniya Bala:
Wannan na ba ka, Alhaji. Amma Julien da aka kora wata ƙungiya ya nema ya riƙe. Naka mutumin komawa ya yi ya ɗauki allon mataimaki.

Ɗan Fagge:
Tambaya ta ƙarshe kafin a kira magariba a nan. Shi da yake babban koci a 2000, wa ya riƙe masa 'yan baya?

Na Maraɗi:
Cikin mataimakansa akwai Viacheslav Fetisov, babban ɗan bayan Tarayyar Sobiyet. A gasar Kofin Kanada ta 1981 shi da Robinson suna ɓangare daban-daban, ranar da Sobiyet ta lallasa Kanada 8 da 1 a wasan ƙarshe a Montreal.

Injiniya Bala:
Robinson da Fetisov a benci, Stevens da Niedermayer a kan ƙanƙara, Brodeur a raga. Alhaji, Toronto ma ta yi ƙoƙari da ta samu bugu shidan.